Ɗan Kwalekwalen da ke Kan Akwatina

Duk wanda ya shigo ɗakinmu a hostel sai ya tambayi labarin ɗan kwalekwalen da ke kan akwatina. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Abokina ne ya sassaƙa shi da guntun maɗaci, har da ɗan filafili da 'yar koma ta zaren buhu.

Tare muka taso a Warra, bakin Tafkin Kainji. Da jirgin ruwa ya kife a watan Mayun 2021, yayansa na cikin waɗanda suka rasu. Dole ya ajiye boko ya koma kamun kifi don gida ya samu abinci. Ni kuwa na samu gurbi a poli. Gaskiya ni na fara ja da baya: in ya kira sai in ce ina lakca, alhali ƙarya nake.

Hutun da ya wuce, ina tasha zan hau motar Yauri, sai ga shi da ƙunshi a leda. Ya ce, "Aboki, riƙe wannan, kar ka manta hanyar gida." Da na kifa shi, sai na ga sunayenmu biyu, ya rubuta da ƙusa mai zafi. Yatsansa ɗaure da tsumma, wuƙa ta yanke shi.

Na ciro dubu biyu zan ba shi, ya ɓata rai: "Haba! Sayar maka na yi?" Kunya ta rufe ni.

Saura wata uku in gama difloma. Yanzu duk Juma'a ni nake kiransa, ko da katin bashi ne.