Haƙurin da Duke Ta Yi da Sabon Kocinta

A 1980 Jami'ar Duke da ke Amurka ta damƙa ƙungiyarta ta ƙwallon kwando a hannun Mike Krzyzewski. A kaka uku na farko ya ci wasa 38, ya sha kashi a 47. Manyan magoya baya suka matsa wa daraktan wasanni, Tom Butters, lamba ya sallame shi. Shi kuwa sai ya tsawaita masa kwantiragi a 1984.

A ganina, lissafi ne ya haifar da wannan haƙuri. Sabon kocin jami'a ɗaliban da wani ya zaɓa yake gada. Nasa sai ya zaƙulo su daga sakandare, ya rene su. Waɗanda Krzyzewski ya ɗauko a 1982, irin su Johnny Dawkins da Jay Bilas, su suka kai Duke wasan ƙarshe na ƙasa a 1986. Kofuna biyar suka biyo baya, na farko a 1991.

Tun 2021 ɗalibi na iya sauya makaranta ya fara buga wasa nan take, shi ya sa magoya baya ke neman nasara cikin kaka ɗaya. Ina fargabar da yau aka ɗauki Krzyzewski, da bai ga kaka ta huɗu ba.