Kurkum da Shanyewar Ɓarin Jiki: Tambayar da Goggo Ta Yi Mini

Watan jiya Goggona ta kira ni daga Agege bayan sallar asuba. Sati uku ke nan da aka sallamo mijinta daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama har yanzu ba ya riƙe cokali. Wata maƙwabciya ta turo mata saƙo a WhatsApp cewa kurkum yana wanke kumburin ƙwaƙwalwa, har ta sayo ƙwayoyinsa kwalba biyu. Ta ce, "Ke da kika karanci magani, sau nawa zan riƙa ba Alhaji?"

Mai karatu, ban yi mata dariya ba, domin maganar tana da tushe. Idan gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarnar ba ta tsayawa a ranar. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan taru a wurin don share abin da ya mutu, kumburin da suke haddasawa kuma yakan taɓa naman da ke gefe wanda da zai iya tsira. Shi ya sa masana ke gwada sinadaran tsirrai: kurkumin na cikin kurkum, resberatirol na ɓawon inabi, kuwasetin na albasa. A jikin ɓeraye sun rage kumburin. A ƙasar Sin ma akwai maganin wannan cuta da asalinsa aka gano a ƙwayar seleri, sai dai a masana'anta ake haɗa shi, da awo, likita ne ke rubuta shi.

To, amma Alhaji ba ɓera ba ne. Kurkumin da ƙyar hanji ke tsotse shi, ɗan abin da ya shiga jini kuma hanta kan sarrafa shi da wuri, balle a ce ya isa ƙwaƙwalwa da yawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne an ɗora Alhaji a kan asfirin. Ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi na iya ƙara rage daskarewar jini, a haɗa su da asfirin ko wafarin kuwa sai haɗarin zubar jini ya ƙaru, a jikin mutumin da jijiyoyinsa suka riga suka gaji da hawan jini.

Na ce, "Goggo, ki ci gaba da zuba kurkum a miya, wannan ba komai. Kwalaben nan dai ki kai wa likitansa ya gani kafin a buɗe." Sai na tambaye ta maganin hawan jininsa. Ta yi shiru, sannan ta ce ya ƙare kwana biyar da suka wuce, kuɗin ne ta sayi kurkum da su.

A ranar na tura mata kuɗin magani da na motar zuwa gashin ƙashi. Jiya ta ce mini awon jininsa ya sauko, kwalaben kuma suna cikin jakarta, sai ranar Talata za su ga likita.