Daga Hargesa zuwa Barbara: Inda Amana Ke Riƙe da Jama'a

Asabar

Na sauka Hargesa da hantsi. A tsakiyar gari an kafa wani jirgin yaƙi ƙirar MiG a kan dakali, don tunawa da 1988, lokacin da jiragen shugaban Somaliya Siyad Barre suka yi wa birnin luguden wuta har yawancin jama'arsa suka gudu Habasha. Barre ya faɗi a Janairun 1991, ranar 18 ga Mayu kuma wannan yanki ya ɓalle daga Somaliya da sunan Somaliland. Har yau ba shi da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma gine-gine sai tashi suke.

Lahadi

'Yan canji na bakin titi, kowa da damman shilin ɗaure da roba, jibge a gabansa. Da aka kira azahar, na ga wani ya lulluɓe kuɗinsa da raga ya nufi masallaci, ko waiwaye bai yi ba. Mai shayin da na zauna wajensa ya nuna mini lambar da ya rubuta a bango, ya ce: "Alhaji, da waya ake biya." Tun 2009 kamfanin Telesom ya kawo Zaad, hanyar biya da waya, a Mogadishu kuma EVC Plus na Hormuud ke wannan aiki. Hatta mai tumatir da waya take karɓar cinikinta.

Litinin

Na leƙa ofishin Dahabshiil, kamfanin aika kuɗi, wanda ya faro daga Bur'o a 1970. Wata dattijuwa ta zo karɓar abin da ɗanta ya aiko daga Landan, ba ta daɗe ba ta fito. Somaliyawan waje na turo wa gida fiye da dala biliyan 1 kowace shekara. Da wannan kuɗi ake cefane, da shi ake biyan makaranta da asibiti.

Talata

Kasuwar raƙuma da sassafe. Dillali da mai saye suka haɗa hannu a ƙarƙashin mayafi, suna matsa yatsun juna, ba wanda ya ji farashi. Aka yi sallama, aka kora dabba, babu takarda. Daga nan na wuce tashar ruwa ta Barbara, inda ake loda tumaki zuwa Saudiyya. Da yawa daga dabbobin hadayar alhazai daga nan suke. Saudiyya ta hana shigar da su daga 2000 zuwa 2009 saboda cuta, makiyaya suka ji jiki, ba su da gwamnatin da duniya za ta saurara ta yi musu magana. A 2016 aka ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 442 da DP World ta Dubai don faɗaɗa tashar.

Laraba

Wani dattijo ya zaunar da ni ya bayyana mini Heer, dokarsu ta gargajiya. Ya ce: "Ɗana, idan wani ya kashe mutum, danginsa duka ke haɗa diyya, raƙumi 100. Shi ya sa kowa ke tsawata wa nasa." Da irin zaman Heer na ƙarƙashin bishiya dattawa suka taru a Borama a 1993, suka sasanta, suka zaɓi Muhammad Ibrahim Egal shugaba. Majalisarsu ta Guurti mai kujeru 82 na nan har yanzu. A Nuwamban 2024 ɗan adawa Abdirahman Irro ya kayar da shugaba mai ci, Muse Bihi, aka miƙa mulki lafiya.

Alhamis

Yau na shiga unguwannin gefe. Ruwa sai a tanka ko a amalanken jaki, lantarki na 'yan kasuwa ne, tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Ƙananan dangi irin Gaboye ba su da murya a zaman dattawa, mata ma a waje suke jiran hukunci. Yaƙin Las Anod na 2023 ya nuna cewa zumuncin da ke haɗa wasu shi ke raba su da wasu.

Na yarda Somaliyawa sun yi abin a yaba: da amana, da zumunta, da tsoron Allah suka tayar da kasuwa suka kashe wutar gaba. Sai dai dangi na kare nasa ne kawai. Maraya da marar gata na buƙatar hukuma mai adalci da za ta tsaya musu.