Wajen masu fanke a Kasuwar Dole

Wanda ya shiga Kasuwar Dole ta Damagaram da sassafe, ƙanshin fanke ke fara tarbarsa. Tun kafin asuba mata ke kwaɓa garin alkama, su zuba yisti, su rufe.

Yisti ɗan ƙanƙanen abu ne mai rai. Sukari yake ci ya samu ƙarfi, ya fitar da iska, ƙullu ya kumbura. Sukarin rake da zuma yana cinsu da sauri, na garin alkama a hankali. Na madara kuwa ba ya iya cinsa.

Da hunturu yakan yi nawa, sai a sa ruwa mai ɗumi. Amma a kula, tafasasshen ruwa yana kashe shi, ƙullu ya ƙi tashi, jari ya salwanta.