Haƙurin Damo da Idon Kyamara

Bahaushe ya san dabbobi masu jan ciki da baka fiye da yadda ya san su da ido. Ya naɗa damo sarkin haƙuri, ya gargaɗi hawainiya da ta kiyayi ramarsa, ya mayar da kadangaren bakin tulu misalin matsalar da ba ta da mafita mai daɗi. Birni guda ma, Kaduna, daga jam'in kada ya samo sunansa. Amma tsayar da mutum goma a kasuwa ka tambaye su yadda yatsun hawainiya suke, ko launin idon damo, ka ji shiru. Abin da muka gada game da waɗannan halittu abu biyu ne, karin magana da sanda. Shekaru ke nan ina ƙoƙarin ƙara na uku, wato hoto, kuma a cikin ƙoƙarin na gane cewa kyakkyawan hoton mai jan ciki yana farawa ne da sanin halinsa, kyamara daga baya take zuwa.

Abu na farko shi ne lokaci. Jikin waɗannan dabbobi ba ya samar wa kansa isasshen ɗumi irin namu, daga rana suke aro. Shi ya sa kadangare ke fitowa kan katanga da hantsi ya baje, yana jiran jininsa ya ɗumama. A wannan sa'ar yana da nauyin jiki, yakan bari a matso kusa da shi fiye da kowane lokaci. Sai dai akwai ciniki a ciki. Ƙiski, namijin da wasu ke kira jan gwada, yakan wayi gari da dusasshen launi, sai ya sha rana jan kansa da shuɗin jikinsa suke fitowa sosai. In ka yi sammako da yawa, za ka sami dabba mai natsuwa marar ado. In ka makara, za ka sami ado a jikin abin da ba ya tsayawa. Tsakanin biyun akwai ɗan taƙi da bai cika wuce rabin sa'a ba, kuma yana motsawa da yanayi: a bazara da wuri yake zuwa, a hunturu sai rana ta ɗaga. Babu agogon da zai gaya maka shi, sai yawan zama a gaban katanga ɗaya.

Abu na biyu shi ne tsayi. Yawancin hotunan kadangaru da na gani a wayoyin mutane daga tsaye aka ɗauke su, kuma duk abin da aka ɗauka daga sama kama yake yi da abin da za a taka. Sai ka sauko daidai da idonsa sannan yake zama mai fuska. Wannan kuwa yana da tsada a garinmu, domin magidanci kwance rubda-ciki a gaban kadangare abin kallo ne. Wata safiya a gindin dutsen Kufena, a Zariya, wani dattijo mai tafiya gona ya daɗe a tsaye a kaina kafin ya ce, "Ɗana, lafiya kuwa?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, hoto nake ɗauka." Na miƙe na nuna masa. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Ashe yana da kunne." Mutumin da ya tsufa yana korar kadangaru daga shanyar hatsi, ran nan ya fara ganin ɗan zagayen da ke bayan idonsu. Tun daga lokacin kunyar kwanciya a ƙasa ta ragu a wurina.

Sauran ƙa'idojin aikin hannu ne, kowa zai iya koya. A saita kyamara a kan ido, domin in ido ya fito tangaran mai kallo zai yafe wa wutsiya ko da ta yi dishi-dishi, in kuwa ido ya ɓace hoton ya mutu. A nemi hasken da ke zuwa ta gefe, na safe ko na la'asar sakaliya, shi ne ke sa kowane ɓawon fata ya yi 'yar inuwarsa har a ga saƙar jikin kamar tabarma. Ranar tsaka tana wanke launi, tana kuma sa fatar ta yi ƙyalli. Hazon hunturu, da masu hoto da yawa ke kuka da shi, alheri ne a nan, don yana tausasa haske. Kadangare mai gyaɗa kai yana bukatar ƙiftawar kyamara mai sauri, kamar 1/500 na daƙiƙa ko fiye, ƙofar haske kuma wajen f/8 don kai da kafaɗa su fito tare. Kafin a danna, a dubi abin da ke bayan dabbar, taki ɗaya zuwa hagu yana iya kawar da ledar da za ta ɓata komai. Mai waya kuwa gara ya ɗauka daga inda yake ya yanke hoton daga baya, da ya ja shi da yatsu har ya farfashe.

Matsowa ita ce babbar jarrabawa. Kowace dabba tana da iyakar da in ka ƙetare za ta gudu. Na koyi zuwa a karkace maimakon kai-tsaye, da tsayawa duk lokacin da ta ɗaga kai, da kiyaye inuwata kada ta faɗa mata, domin inuwa daga sama a wurin kadangare shirwa ce. A nan ne haƙurin damo ke komawa kan mai hoto. A gandun dajin Yankari na jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, rani kan tara dabbobi a bakin kogin Gaji, kadduna kuma su hau gaɓa su buɗe baki. Baƙo yakan ɗauka barazana ce, alhali sau da yawa zafin kai suke ragewa. A wurin irin wannan ba a maganar kwanciya a ƙasa ko matsowa bakin ruwa. Dogon madubi ake sa wa kyamara, mai milimita 300 ko 400, a zauna a mota, a bi maganar ma'aikacin da ke rakiya, don da ɗan gari akan ci gari. Kuma yana da kyau a ɗauki kan da wuyan sosai. A 2011 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa da yawa daga kaddunan Afirka ta Yamma jinsi ne dabam da kadan kogin Nilu, wanda masana ke kira Crocodylus suchus. Dabbar da muka zauna da ita tun kaka da kakanni, kwanan nan aka gama tantance ko wace ce.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ina ganin haramtacciya ce ga mai mutunta sana'arsa. Wasu sukan kama dabbar su sa ta cikin sanyi har jikinta ya mutu, su ɗora ta a kan reshe mai kyau su ɗauka. Wasu sukan biya masu wasa da macizai su ajiye musu gamsheƙar da aka cire wa haƙora. Hoton yakan fito da kyau, amma ƙarya yake faɗa, kuma wani lokaci dabbar da kanta take tona asiri. Hawainiya tana sauya launi gwargwadon zafin jikinta da halin da take ciki. Wadda aka tsorata takan yi duhu, ta kumbura, ta wangale baki. Wanda ya san haka, in ya ga irin hoton, ya san abin da aka yi mata kafin a danna. Ni dai na fi son hoton hawainiyar da ba ta damu da ni ba, tana tafiyarta ta yanga a reshe, ido ɗaya a kaina ɗayan a kan fara, yatsunta biyar sun rabu biyu da uku sun riƙe itace kamar awartaki.

A kan macizai ne maganar ta wuce ado ta zama ta rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙasarmu kububuwa ce kan gaba, 'yar ƙarama da sau da yawa ba ta kai tsawon hannu ba, amma dafinta na hana jini daskarewa. Saboda ita ne asibitin masu saran maciji na Kaltungo, a jihar Gombe, ke cika da manoma da makiyaya lokacin shuka da girbi. Maganin dafi kuwa ba ɗaya ba ne ga kowane maciji, don haka sanin wanda ya yi saran yana taimakon likita. Al'adarmu ita ce a bi macijin da sanda a kawo gawarsa, kuma a wajen bin ne ake samun sara na biyu. Hoto daga nesa, in ya samu ba tare da ɓata lokaci ba, ya fi wannan aminci. In bai samu ba, a bar shi a nufi asibiti.

Wanda zai ɗauki maciji da gangan kuwa, nisa ne ubangidansa. Akwai baƙin maciji mai fasa kai da ke feshin dafi ya sami idon mutum daga taki biyu ko uku. Kasa tana kwance cikin busasshen ganye kamar ba rai, saranta kuwa ya fi ƙiftawar ido. Hoton da zai yi amfani shi ne wanda ya nuna siffar kai da zanen baya, aka rubuta wuri da rana a ƙarƙashinsa. Da irinsa ne ake gane cewa akwai wani maciji mai cin ƙwan tsuntsu, marar dafi, kusan ma ba shi da haƙora, wanda ke kwaikwayon kububuwa har da gugar jiki yana fitar da sautinta. Akwai kuma macijin gida mai cin ɓeraye, wanda ake kashewa a bakin rumbun da yake gadi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma ba a ga laifinsa ba. Hoto ba ya ce masa ya taɓa, yana dai nuna masa wanne ne tsumman.

Abin da ke damuna shi ne waɗannan dabbobi suna raguwa kafin mu gama kallonsu. Fatun guza da na mesa suna shiga majema su fito jakunkuna da takalma. Daga Ghana da Togo da Binin ana fitar da damo da rai zuwa Turai da Amurka don masu kiwon sha'awa. Fadamun da kififiya ke kwana a ciki suna zama filayen gini. Littattafan da ke bayanin su kuwa yawanci da Turanci ko Faransanci suke, sunayen da ke ƙarƙashin hotunan na Latin ne. Shi ya sa duk hoton da na ajiye nake rubuta masa sunan da mutanen wurin suka ba ni, ko da ya saɓa da na Kano, ko da na Damagaram ya bambanta da na Sakkwato. In dabbar ta ɓace daga wani yanki, sunanta ma bin ta zai yi, sai abin da aka rubuta.

Yau kusan kowane gida akwai waya mai kyamara, kowace katanga kuma da kadangarenta. Ɗan ƙanwata, wanda danƙonsa ba ya rabuwa da aljihunsa, ya ga hoton ƙiski a kwamfutata ya ce, "Kawu, wannan na wace ƙasa ne?" Na ce masa na bayan ɗakin girkinsu ne. Bai yarda ba sai da muka je muka zauna tare da hantsi, aka yi sa'a mai jan kan ya fito. Danƙon yana nan a aljihunsa har yanzu. Amma in ya ga kulɓa ko hawainiya, kafin ya laluba dutse yakan rugo ya kira ni, wani lokaci ma ya ce a ba shi wayar shi ya ɗauka.