Nasiha ga waɗanda shan inna ta taɓa tun suna goye

'Ya'yana, ku da shan inna ta taɓa tun kuna goye, yau kuna shekara arba'in ko hamsin, da ku nake. A cikin Birnin Kano na tsufa, kuma daga Yakasai zuwa Koki babu unguwar da ban san mai jan ƙafa ba. Kukan da nake ji daga bakinku yana damuna: ƙafar da ta ɗauke ku shekara talatin ta fara gazawa, hannun da ke murza keke ya fara sanyi. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce sammu, wani ma ya ce lalaci. Sau da yawa ba ko ɗaya ba ne.

A cikin laka akwai ƙwayoyin jijiya masu ba tsoka umarni, kowace da zaruruwan naman da take juyawa. Cutar ta kashe wasunsu tun kuna yara. Waɗanda suka tsira sai suka miƙa rassa suka ɗauki zaruruwan da aka bari, kamar magidancin da ya karɓi riƙon marayun 'yan'uwansa. Shi ya sa yaro ke samun sauƙi har ya miƙe. To amma nauyin gida biyar a wuyan mutum ɗaya, wata rana sai ya durƙusa. Yawanci bayan shekara 15 zuwa 40 ne raunin ke dawowa.

Ido ba ya ganin wannan asara. Ana iya rasa rabin ƙwayoyin, tsoka tana nan da ƙarfinta. Don haka ne likita Alan McComas ya fito da hanyar ƙiyasta su a 1971. Ana manna waya a fata, a ba jijiya ɗan lantarki kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Duk ƙwayar da ta amsa, na'ura na nuna ƙarin motsin tsoka. Sai a raba cikakken motsin da matsakaicin na ƙwaya ɗaya, a sami adadin da suka rage. Akwai kuma gwajin siririyar allura da ake sa wa tsoka. Akwai ɗan zafi, kuma gwajin ba magani ba ne. Amfaninsa shi ne ya nuna wa likita girman ɓarnar, ya taimaka masa ya gane ko ciwon suga ne ke cin jijiyar, ko ƙashin baya ne ya danne ta, domin kowanne da kulawarsa.

Ku je Asibitin Murtala, ku roƙi a tura ku wurin likitan jijiya a Asibitin Malam Aminu Kano, ku tambaye shi batun gwajin. Takalmin ƙarfe kuwa, a gwada muku a Asibitin Ƙashi na Dala. Kada ku matsa wa gaɓar da ta gaji da sunan motsa jiki. Ku huta kafin gajiya ta kayar da ku, ku kiyayi ƙiba, kada kunyar sanda ta sa ku faɗuwa.

Yaran da cutar ta kama lokacin da Kano ta dakatar da rigakafi, daga 2003 zuwa 2004, yanzu sun haura ashirin. Ku kira su ku gaya musu tun yanzu, su tattala jijiyoyin da Allah ya bar musu. Jikokinmu kuma, don Allah a ɗiga musu rigakafin.