Ƙarfen Takarda da Ƙarfen Tama

Mu da muka tashi a ƙasar Kudan, wasanmu na yaƙi ba ya wuce dokin kara da takobin kara. In an gama girbin dawa sai mu tsinci karare, mu feƙe, mu hau, mu yi ta sukuwa har a kira mu cin tuwo. Yau kuwa 'ya'yanmu da ke karatu a Zariya sun fara zuwa hutu da wani wasa dabam. Su kan zauna kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir, ɗaya yana ba da labari, sauran kuwa kowane ya ɗauki sunan wani jarumi. In za a yi sara ko suka, sai a jefa wani abu kamar ɗan ludo mai fuska 20, shi ne zai nuna ko an dace.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974. Ya samo asali daga wani wasan yaƙi na 1971 mai suna Chainmail, watau sulke ke nan da Hausa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin yaran namu shi ne ƙera makamai da irin ƙarfen da ba a samu a kasuwa. Akwai wani wai shi mitiril, wanda aka aro daga littattafan wani Bature ɗan Ingila, Tolkien. An ce fari ne kamar azurfa, ba nauyi, mai sanye da shi ya iya tafiya ba a ji motsinsa ba. Akwai adamantin, wanda mugun sara ba ya yi wa illa sosai. Akwai kuma sulken da a kan yi da ɓawon jikin dodo. Ko ɗaya daga cikinsu babu shi a duniyan nan.

Waɗansu iyaye sun damu da wasan. Mu dai da muka zauna muka saurara, ba mu ga kuɗi suna shiga ko fita ba, mun kuwa ga yara suna lissafi suna shawara da juna. Har ma dokar wasan ta 2014 ta ce mutum ɗaya zai yi kwana 300 kafin ya gama sulken faranti guda, kuma sai ya sayi kayan aikin da rabin kuɗinsa. Wannan doka ta yi mana daidai, gama mai rubuta ta ya san ƙira ba aikin gaggawa ba ce. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, yaron da ya iya karanto halin mitiril daga kai, da muka tambaye shi mene ne tama, sai ya yi shiru.

To, tama ita ce dutsen da kakanninmu ke fid da ƙarfe daga ciki. A haƙo ta, a farfasa, a jera ta da gawayi cikin murhun yumɓu, a bar wuta tana ci dare da rana. Gawayin ƙirya aka fi so domin zafinsa. In an fasa murhu sai a sami curin ƙarfe haɗe da ƙazanta, wanda sai ya sha masaba a kan uwar maƙera, yaro yana ta zuga, kafin ya zama abin yin fartanya, balle mashi. A Samaru ta Zariya masu binciken tarihi sun tono wuraren narka tama da suka haura shekara 1,000. Bayan da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, tsohon ƙarfen Turawa ya yawaita, sannu a hankali aka bar wahalar tama. Maƙeranmu na yau sifirin tsohuwar mota suke nema, da shi suke yi mana gatari da addar yankan rake. Ba ma ganin laifinsu, ƙarfe ne mai kyau, kuma kowa ya san abin da ya fi sauƙi.

Kayan yaƙi masu wuyar samu kuwa, mu ma mun yi namu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe dubbai, kowane a sarƙe da 'yan'uwansa. Yawancinsu ta hamada aka kawo su, daga wajen Masar da arewacin Afirka, don haka sai sarki ko babban bawansa ke sa shi, kuma a kan gaje shi kamar gona. Takubba ma haka. Da Barth, Bajamushe matafiyi, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta a kan shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, kusan duka daga garin Solingen na Jamus, kowane a kan wuri 1,000. A nan ne a kan sa masa ƙota, dukawa su ɗinka masa kube.

Garkuwa mafi daraja ita ce ta fatar warwaji, wani farin naman daji mai dogayen ƙahoni da ke zaune a bakin hamada, Buzaye ke kawo ta. Ga shi dai dabba ce ta gaske, amma ta kusa zama kamar dodon takarda. A shekara ta 2000 aka sanar da cewa babu sauranta a daji. Sai a 2016 aka fara mai da waɗanda aka kiwata a waɗansu ƙasashe zuwa Chadi.

Amma a ganinmu lifidi ya fi su duka hikima. Ba a je ko'ina neman kayansa ba. Zane ne a ninka, a cusa masa audugar rimi, a bi shi da ɗinki layi layi, a rufe doki da mahayinsa. Kibiya mai dafin kwankwani in ta zo sai ta maƙale a ciki ba ta kai ga fata ba. Yana da nasa aibi, gama yana da nauyi da zafi, wanda ya faɗi da shi da ƙyar ya ke tashi, kuma 'yan baka sun gane cewa audugar rimi ba ta jure wuta. Wanda ya je kallon hawan Salla a Zariya ya ga 'yan lifida da idonsa, ko da ya ke yanzu don ado suke sawa.

Da muka ba yaran wannan labari, ba su bar wasansu ba, mu ma ba mu ce su bari ba. Sai dai sun shiga gardama a kan lamba nawa za a ba lifidi, nawa za a ba garkuwar warwaji, kuma in kibiyar wuta ta same shi me zai faru. Ɗaya ta ce ba ta yarda a ƙera takobi a takarda ba sai jarumin ya fara sayen gawayi. Ranar kasuwar Hunkuyi mai zuwa, mun shirya da wani tsohon maƙeri su je su yi masa zuga, ya ce su zo da sassafe kuma kada su sa fararen kaya.